Ɗorawar Goggo a Bayan Zungur

Goggo, yayar mahaifina, ta rasu da bazara a gidana da ke unguwar Yelwa a Bauchi, bayan ta sha kununta ta ce a bar ta ta ɗan kishingiɗa. Kafin yamma tsakar gida ta cika har mutane sun tsaya a bakin titi. 'Yan zumuntar mata na majami'armu suka zo da zannuwansu iri ɗaya suna waƙa, ɗaliban da ke haya a ɗakunan baya suka kwaso bencina, masu keke suka yi ta sauke jama'a kamar ranar kasuwa. Kowa da abin da yake yi wa kuka. Mai kayan miya ta bakin layinmu cewa take yi daddawa ta ƙare a Bauchi. Wata ɗaliba ta ce tun da ta zo garin nan Goggo ce kaɗai ta taɓa tambayarta sunan kakarta, kuma da ta kasa faɗa, sai da ta buga waya gida ta tambayo kafin aka miƙa mata tuwo. Yayana kuwa, da ya iso daga Jos, zama ya yi a ƙofar ɗakinta yana kallon takalmanta na roba.

Washegari da hantsi keke ya tsaya, wata tsohuwar Bafulatana ta sauko, doguwa siririya, da mata biyu a bayanta ɗauke da ƙore. Waƙa ta ɗan yi sanyi. Na ji wata a bayana tana raɗa cewa masu tallar nono ne suka ɓata hanya. Tsohuwar ba ta dubi kowa ba. Ta cire takalmi, ta ratsa mutane ta nufi ɗakin Goggo kamar wadda ta saba, ta zauna a dokin ƙofa kusa da yayana, hawaye na bin fuskarta ba tare da ta yi sauti ba. Da ta natsu sai ta ce, "Sannunku da haƙuri. Allah ya ba mu haƙuri." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaya, "To, wa zai zo bana?"

Matar fasto ta ɗauka zancen jana'iza take yi, ta fara yi mata bayanin cewa a garinmu na kudu za a binne. Ni kaɗai a cikin taron nan na san abin da ake tambaya. Tsohuwar nan ita ce Dada, aminiyar Goggo, kuma zancen wata ɗorawa take yi da ke tsakiyar gonar su Dada a bayan Zungur. In ba wanda ya je daga gidanmu ya ɗebi 'ya'yanta kafin ruwa ya sauka, bana za a sare ta.

Sai na ɗan koma baya, don wanda bai san Goggo ba ya san wadda muka rasa.

Gajeruwa ce, mai ƙarfin hannu, kuma ko daga nesa ka san ta iso, don warin daddawa ya riga ya zauna a zannuwanta, ba sabulun da bai sha kaye ba. Sana'arta ke nan tun tana budurwa. Ba ta haihu ba, mijinta kuma ya riga ta tafiya da daɗewa, amma ban taɓa ganin gidan da yara suke shiga suna fita kamar ɗakinta ba. Hausarta irin ta mutanenmu ce na kudu, ba ruwanta da mace ko namiji. "Matarka ya zo?" haka take tambayar yayana, mu yi ta dariya, ita kuma ta ce ai ya gane. Ni kuwa Malama take kirana, da wata irin murya da ba ka sanin yabo ne ko tsiya.

Halinta da kowa ya sani shi ne tambayar asali. Ba ta sayar maka da daddawa ba tare da ta ji ɗan gidan wa kake ba. In ka ce mata daga gari kaza, sai ta ce, "Wace unguwa? Ta bayan kasuwa ko ta gindin dutse?" In ka faɗa, sai ta lumshe ido, ta jawo maka wata kaka da ta auri wani kawu, kafin ka ankara kun zama dangi, kuma ta ƙara maka daddawa a kan wadda ka saya. Mun sha yi mata tsiya cewa da wannan ciniki ba za ta taɓa yin arziki ba. Takan ce, "Ni mutane nake tarawa, ku tara abin da kuka ga dama."

Shekarun baya kaɗan, majami'ar garinmu ta shirya bikin tunawa da kafuwarta, aka ce kowane gida ya kawo tarihinsa. Garinmu ƙaramin gari ne na kasuwa a gindin duwatsu, inda kowa ya san kakan kowa. Da yake ni ce malamar makaranta a gidanmu, sai aka jibga mini aikin. Na zaga dattawa, na sha kunu a gidaje da yawa har cikina ya gaji, amma duk wanda na tambaya daga wuri ɗaya yake farawa, wato ranar da aka yi wa kakanmu baftisma. Kafin wannan rana shiru, kamar daga sama ya faɗo da gemunsa. Wani tsoho dai ya ce ya taɓa jin ana yi wa kakanmu tsiya da Ɗan Fulani, amma bai san dalili ba.

Na dawo Yelwa na sami Goggo tana ɓarzar kalwa a turmi. Na ajiye waya kusa da ita don ɗaukar muryarta, na ce ta ba ni labarin uwar kakanmu.

"Ɗauka mana, Malama," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba. "Amma wannan labari ba a gida yake ba. Ki jira ɗorawa ta nuna."

Na jira. Da zafi ya kankama, wata safiya ta tashe ni, ta ɗora mini buhunan da ba komai a ciki, muka hau keke zuwa tasha, muka shiga mota, daga nan mashin ya kai mu har inda hanya ta ƙare a bayan Zungur. Na san duk shekara tana wannan tafiya, amma a zatona sayen kalwa take zuwa. Muka ratsa gonaki da ƙafa, tana gaba ina haki a baya, ita da ta haura tamanin. Can sai ga itacen. Ban taɓa ganin ɗorawa mai girmanta ba. Ita kaɗai ce a tsakiyar fili, rassanta sun baje har sun kusa taɓa ƙasa, 'ya'ya na reto a jikinta dami-dami. A ƙarƙashinta Dada na zaune a kan tabarma, da doguwar gora mai ƙugiya a gefenta, tana jira.

Suka gaisa gaisuwar da ba ta ƙarewa, suka tambayi shanu da jikoki da ciwon gwiwa. Sannan Dada ta dube ni ta ce wa Goggo, "Wannan ce?" Goggo ta ce, "Ita ce. Ki faɗa mata, a bakinki ya fi daɗi."

Ga abin da na ji a ranar, ina zaune a kan saiwar itacen. A wata shekarar yunwa, tun kafin a haifi duk wanda ke raye yanzu, wata mace ta sauko daga duwatsunmu da jariri a baya, ta nufi arewa neman abinci. Mijinta ya mutu, mutanen unguwarsu sun watse. Ta yi ta tafiya har ƙarfinta ya ƙare a gindin wannan ɗorawa, kusa da wata ruga. Kakar Dada ce ta tsince ta da ta fito neman itace. Ita ma tana goyo a lokacin. Ta ba matar nono, amma abin ya riga ya yi nisa. Ba su jin yaren juna, ba kuma mai Hausa a cikinsu sai kame-kame. Da matar ta ga ba za ta tashi ba, sai ta kama hannun Bafulatanar, ta fara faɗin sunaye: nata, na mijinta, na ubanta, na uwarta, na dutsen da suka fito. Ta faɗa, ta sa ta maimaita. In ta yi kuskure ta gyara mata, ta sake sa ta maimaita. Haka suka yi ta yi har numfashi ya ƙare mata. Aka binne ta a nan, inda nake zaune.

Kakar Dada ta ɗauki jaririn ta haɗa da nata, nono ɗaya suka sha. Kuma kullum in tana tatsa sai ta yi ta nanata sunayen nan da ba ta san ma'anarsu ba, don kada su zube mata. Da yaron ya yi wayo, mijinta ya koyi sunayen a bakinta, ya riƙa bin kasuwannin kudu da sandarsa, yana tsayawa a tsakiyar mutane yana kiransu da ƙarfi. An ɗauke shi mahaukaci a wurare da dama. Rannan a kasuwar garinmu wata mai sayar da acca ta yar da mudunta ta ƙwala ihu, don sunan ƙanwarta ta ji a bakin baƙo. Yaron nan shi ne kakana.

Ranar da dangi suka zo ɗaukarsa, mai rugar ya kai su gindin itacen ya ce, "Ɗorawar nan ta yaron nan ce, tunda uwarsa na ƙarƙashinta. Muddin wani nasa na zuwa ɗibar 'ya'yanta, ba mai taɓa ta. Shekarar da ba a zo ba, mun san an yafe." Daga baya mutanen rugar suka zauna suka kama noma, wurin ya zama gonarsu, amma maganar ba ta canja ba. Kakana ya yi ta zuwa har ya tsufa, Goggo ta karɓa a hannunsa.

Mace tana mutuwa a baƙon wuri, ba ta da komai da za ta bar wa ɗanta sai sunaye, ta zuba su a kunnen wadda ba ta jin yarenta, kuma suka isa gida. Na dubi tsofaffin nan biyu, ɗaya da gicciye a wuya ɗaya da carbi a hannu, suna gardama a kan wadda ta fi wata furfura.

Sai Goggo ta miƙe ta ɗauki gorar. Kafin ta saƙala ƙugiya a reshen farko ta tsaya, ta gyara murya, ta fara kiran sunayen da yarenmu, a jere kamar yadda matar ta faɗe su. Dada na binta a hankali, leɓunanta na motsi. Bayan na dutsen sai ta ƙara na kakana, da na 'ya'yansa da suka rasu, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe da ta kira shi ne sunan mahaifina.

Wannan ya girgiza ni, don na san abin da ya shiga tsakaninsu. Mahaifina dattijon majami'a ne, mutum mai tsauri, kuma sai a ranar na gane dalilin da bai taɓa ba mu wannan labari ba. Tun ina yarinya nakan ji su suna faɗa duk bazara, ban san wane itace suke nufi ba. Shi a ganinsa kiran matattu a gindin itace al'ada ce da muka bari. Ita kuma takan ce, "Ba roƙonsu nake yi ba. Kiransu nake yi don kada su ɓace. Kai ba ka tsayawa a gaban jama'a ran Lahadi kana karanta mana wane ya haifi wane? Nasu ne ya halatta, namu ya haramta?"

Faɗan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata shekara da gari ya rikice, kowa ya kulle ƙofa, ba mai ƙetare unguwar wani. Ɗorawa kuwa ta nuna, ba ruwanta da rikicin mutane. Goggo ta ɗaura zane ta ɗauki buhunanta. Mahaifina ya tare ƙofa.

"Yaya, ba inda za ki."

"Matsa mini, ni na goya ka."

"In aka kashe ki a hanya fa?"

"Sai ku zo ɗaukar gawa. Ka ga an samu wanda ya je daga gidanmu ke nan."

Ta tafi. Da yamma 'ya'yan Dada maza suka rako ta a kan mashin har bakin unguwarmu, buhuna cike, suka juya ba su ko sha ruwa ba. Mahaifina ya daina yi mata magana. Ita ma ba ta neme shi ba, ta dafa kalwarta, ta rufe ta ta ruɓa, ta daka, ta shanya. Ranar da ta kaɗa miyar kuka da sabuwar daddawar ta aika masa, ya cinye, ya miƙo kwano a ƙara, faɗa ya ƙare a nan ba tare da kowa ya ba da haƙuri ba. Bai taɓa taka wurin itacen ba har ya koma ga Ubangiji. Amma ga shi ta sa shi a layi, bayan ubansa da 'yan'uwansa.

Na tambaye ta a hanyar dawowa ko zai so haka. Ta ce, "Ai ba a tambayar mutum. Wanda ya tafi, an ƙara shi."

Rabon 'ya'yan itacen ma yana da tsarinsa. Garin ɗorawa, mai zaƙin nan rawaya, na yaran gidan Dada ne. Makuba, wato ɓawon, Dada ke ɗauka ta jiƙa don daɓen ɗakinta. Kalwa ta Goggo ce, kuma in daddawa ta yi, kason farko can yake komawa, man shanu ya dawo a madadinsa. Daddawar wannan itace ba ta sayar da ita ko an roƙe ta. Gidajen dangi take rabawa, da duk wata mai jego a layinmu, Kirista ko Musulma. Ashe duk mun girma muna shan miyar kabarin uwar kakanmu ba mu sani ba.

Na rubuta tarihin na kai majami'a, aka karanta a bikin, wasu suka yi kuka. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta ce na yi ƙoƙari, sannan ta ƙara da cewa takarda ba ta iya riƙe gora. Gaskiyarta kuwa, don a shekarun nan masu gawayi sun cinye manyan itatuwan yankin, kuma sun daɗe suna zagayar wannan. Babban ɗan Dada, wanda ke noma gonar yanzu, ba mugun mutum ba ne. Inuwar itacen na cinye masa wuri mai yawa, ga iyali. A gabana ya faɗa wa Goggo da ladabi, "Goggo, maganar kakanni tana nan, ba zan karya ba. Amma shekarar da ba ku zo ba, ni ma ba zan jira ta biyu ba." Ta ce masa hakan daidai ne.

Shi ya sa tambayar Dada a ranar ta'aziyya ta faɗo mini a ƙirji. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Dada, bari mu kai ta gida tukuna." Ta gyaɗa kai, ta ce hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Muka kai Goggo garinmu muka binne ta kusa da ƙaninta. Baƙi suka yi ta zuwa, kwanaki suka yi ta tafiya, kullum ina duban sama. Ni ban iya riƙe gora ba, kafaɗata ma ba ta ɗaguwa sosai, sunayen kuma sau ɗaya tak na ji su a gindin itacen, tun daga nan sai a wayar da na ɗauki muryarta ranar nake sauraronsu, da yaren da rabinsa kawai nake ji. Ranar da muka dawo Bauchi aka yi yayyafi. Da gari ya waye na ɗauki buhunan Goggo, sai na tarar da yayana a bakin ƙofa ya sa hula, shi da ya ɗauko halin mahaifinmu kaf, har tsaurin.

"Ni fa ban san sunayen ba," ya ce.

"Kai dai riƙe gora," na ce masa.

Duk ɗorawar da muka wuce a hanya an kakkaɓe ta tas, wasu kuma kututture kawai ya rage. Da muka fito fili sai ga tamu. Tana nan tsaye, 'ya'yanta cif ba a taɓa ko ɗaya ba. Dada na zaune a ƙarƙashinta. Ɗanta, da ya taso daga bakin gona ya tarye mu, ya ce tun da ta dawo daga gidanmu kullum a nan take wuni, tana korar awaki da yara. Ya gaishe mu, ya miƙa wa yayana gorar da hannu biyu, ya koma gefe ya tsuguna.

"Kun makara," in ji Dada. "Amma kun zo. Bismilla."

Na tsaya inda Goggo take tsayawa. Na kira sunan matar, na kira na mijinta, na kira na ubanta. A na uwarta harshena ya ƙage, kaina ya zama fanko. Sai na ji shi daga bayana, a bakin Dada, da lafazin Fulani, ya ɗan sauya kamar tsohon zane amma shi ne. Na maimaita bayanta, kamar yadda kakarta ta maimaita a wannan wuri. Na kira dutsen, na kira kakana da 'ya'yansa. Na rufe da sunan mahaifinmu. Na ja numfashi, na ce masa ya saƙala.

Dada ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Saura ɗaya," ta ce.

Na buɗe baki zan faɗi sunan da ban taɓa kira ba tun da aka haife ni, don a wurinmu Goggo ce kawai. Yayana ne ya faɗe shi, da ƙarfi, har ɗan Dada ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗaga gorar ya saƙala a reshe, 'ya'yan ɗorawa suka zubo mana a ka.